Neman shawara kan katin rigakafin yaro daga Kano da asibitin unguwa a Ingila

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka zo Ingila da yaran da aka fara yi wa allurar rigakafi a Najeriya.

An yi wa ɗiyata BCG (allurar rigakafin tarin fuka) da ɗigon shan-inna bayan haihuwa a Kano, sannan Penta (allurar rigakafin cututtuka biyar a haɗe) a sati 6 da 10 da 14, da allurar ƙyanda da ta ciwon shawara a wata 9. Da muka yi rajista da likitan unguwarmu, ma'aikaciyar jinya ta duba katin, ta ce ba za ta iya shigar da Penta ta uku a kwamfuta ba, saboda ruwa ya taɓa takardar har tawadar kwanan watan ta dushe, hatimi kawai ake gani. Ta kuma bayyana cewa ba a lissafa allurar ƙyandar da aka yi kafin shekara ɗaya a nan, don haka sai an yi mata MMR (allurar da ta haɗa rigakafin ƙyanda da hangum da rubella), wanda ban ƙi ba.

Abin da ya cije shi ne, ta ce likita zai yanke hukunci kan sauran, amma duk lokacin da na buga waya da ƙarfe 8 na safe, sai a ce guraben ranar sun cika.

Shin za su karɓi hoton rajistar asibitin Kano idan ƙanina ya turo ta WhatsApp, ko kuwa dole ne a maimaita allurar Penta ta ukun? Kuma akwai hanyar miƙa wannan buƙata a rubuce ba tare da jiran layin waya ba?