Ƙubrus a hannun Rumawa: yaya aka yi sarakuna biyu suka raba harajin tsibiri ɗaya?

Abban Hafsat:
Assalamu alaikum. Ina shirya wa ɗalibaina na Islamiyya darasi kan Ummu Haram 'yar Milhan, wadda ta rasu a Ƙubrus, tsibirin da ke gabashin Bahar Rum, lokacin da Mu'awiya ya kai rundunar ruwa a 649 Miladiyya, zamanin Sayyidina Usman. Sai na ci karo da abin da ya ɗaure mini kai: wai bayan haka tsibirin bai fita daga hannun Rumawa ba, bai kuma zama na Musulmi ba. To na wa ne?

Malam Ɗanjuma:
Wa alaikumussalam, Malam. A 688 Sarkin Rumawa Jastiniyan na Biyu da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan suka ƙulla yarjejeniya cewa harajin Ƙubrus za a raba shi biyu, rabi Ƙustantiniyya, rabi Dimashƙa. Mutanen tsibirin suka ci gaba da Kiristancinsu da yarensu na Girka da limaman cocinsu. Kusan shekara ɗari uku ana haka, sai a 965 Sarki Nikiforos Fokas ya mayar da shi gaba ɗaya ƙarƙashin Rumawa.

Yaya Bilki:
Kada dai a ɗauka zaman lafiya aka yi ta yi. Jastiniyan ɗin nan da kansa ya kwashe mutanen Ƙubrus da yawa ya kai su kusa da Kizikos, wani gari a ƙasar Turkiyya ta yau, aka koma yaƙi a 692. Haruna Rashid ma ya kai hari a 806. Talakan tsibirin nake tausaya wa: ya biya nan, ya biya can, kowane ɓangare kuma na zarginsa da kai wa ɗayan rahoto.

Malam Ɗanjuma:
Gaskiyarki, Yaya. Wannan zargin ne ma ya sa wani gwamnan Abbasiyawa, Abdulmalik ɗan Salihu, ya rubuta wa malamai yana tambaya ko a warware alƙawarin. Cikinsu har da Imamu Malik da Laisu ɗan Sa'ad. Masanin tarihi Baladhuri ya kawo amsoshin a littafinsa Futuhul Buldan. Malik ya ce alƙawari ne daɗaɗɗe, kada a yi gaggawar karya shi sai hujja ta tabbata a kansu.

Abban Hafsat:
Allah ya saka da alheri. Amsar Imamu Malik za ta shiga darasin Asabar, in Allah ya yarda. Malam Ɗanjuma, a wane babi na Futuhul Buldan zan same ta?