Neman shawara: na mayar da ajina kotu, yanzu uban yaro zai zo ranar Litinin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana.

Ni malama ce, ina koyar da adabin Turanci a wata makarantar kuɗi, shekarata biyu ke nan. Asali aikin jarida na karanta, na yi ta yawon neman aiki har na gaji, daga baya ƙawar yayata ta yi min hanya nan. Albashin ba wani abin kirki ba ne, sai goma ga wata ake biya, amma da shi nake riƙe da karatun ƙannena biyu tun rasuwar mahaifinmu. Na faɗa ne don ku san ba aikin da zan yi wasa da shi ba ne.

Wannan zangon muna karanta To Kill a Mockingbird na Harper Lee da 'yan SS2. Ga wanda bai sani ba, labarin a jihar Alabama ta Amurka ne, wajajen 1935. An zargi wani baƙar fata, Tom Robinson, da yi wa wata Baturiya, Mayella Ewell, fyaɗe. Lauyansa Atticus Finch ya nuna wa kotu cewa raunin a gefen dama na fuskarta yake, dukan bahago ke nan. Ubanta Bob Ewell bahago ne, shi kuwa Tom hannunsa na hagu ya nakasa tun yana yaro, injin gurzar auduga ya kama shi. Duk da haka mutum 12 masu yanke hukunci, dukansu fararen fata, suka ce yana da laifi.

Yaran ba sa karantawa, sai hamma. Sai na ce mu yi shari'ar a aji. Da aka zo kan wanda zai fito a Tom, suka kira sunan wani yaro baki ɗaya suna dariya. Ya fito, ya yi ƙoƙari, har ya ari ɗankwali ya ɗaure hannunsa. Yau sati biyu ba mai kiransa sai "Tom mai fyaɗe", har 'yan ƙananan aji. Ya daina zuwa. Ubansa ya kira shugabar makaranta, zai zo Litinin. Me zan ce masa?

Maman Ilham: Malama kin ba mu tarihin albashi, kin tsallake inda maganar take. Me ya sa shi suka zaɓa?

Mai tambaya: Shi ya fi kowa duhun fata a ajin. Amma da ƙafarsa ya miƙe, ban tilasta masa ba.

Malam Mai Alli: 'Yata, shekara 31 na yi ina riƙe da alli kafin na yi ritaya, saboda haka ki ji abin da zan gaya miki. Kada ki kuskura ki ba da haƙuri. Ranar da malami ya ba uba haƙuri kan darasi, daga ranar ya zama ɗan aiken iyaye. Ki ɗauki littafin ki ajiye masa a tebur. Ki gaya masa ya fito a 1960, ya ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar adabi ta Amurka, a 1961, kuma ba tatsuniya ba ce zalla. A 1931 a wannan jihar ta Alabama an kama samari baƙar fata tara, aka ce sun yi wa Turawa mata biyu fyaɗe a jirgin ƙasa, shari'ar Scottsboro ke nan. Takwas aka yanke wa kisa, daga baya ɗaya daga cikin matan ta janye maganarta. A 1935, a kan wannan shari'ar, Kotun Ƙolin Amurka ta ce hana baƙaƙe zama cikin masu yanke hukunci ya saɓa wa tsarin mulki. Ki gaya wa uban, ɗansa a matsayin mara laifi ya fito a wasan, abin alfahari ne. Zolaya kuwa ta yara ce, bulala biyu a taron safe ta kashe ta.

Hajiya Baƙa Mai Kyau: Malam, da girmanka, zolayar ba ta mutuwa da bulala. Ni "Baƙin tukunya" aka sa min tun firamare, yau jikokina uku, a biki har yanzu akwai mai kirana da shi. Ranar da dangin mijina suka zo ganina ina ji wata gwaggonsa ta ce "ashe dai baƙa ce". Ƙanwata man bilicin ya ɓata mata fuska saboda irin wannan magana. Muna ta kallon Amurka, namu yana cikin ɗaki.

Baban Khalifa: Ku bar batun fata. Kotu ko'ina ta mai hali ce. Shari'ar filinmu na gado shekara bakwai, yau alƙali ya tafi taro, gobe lauyan can ba shi da lafiya. Mu da wanda ya cinye filin fatarmu ɗaya.

Ɗalibar Lauya: Baba Malam, a yi min afuwa, ban yarda ba. Anti, ki sake duba inda mai gabatar da ƙara ya tambayi Tom dalilin da yake yi wa Mayella aikace-aikace kyauta, ya ce tausayinta yake ji. Nan ya faɗi, don a garin nan ba a yarda baƙi ya tausaya wa fari ba. Tun kafin a ji shaida an riga an gama da shi. To ajinki ma haka suka yi, sun kalli fatar yaro suka ce ga Tom, ke kuma kina kujerar alƙali kika bari ya wuce. Da ƙuri'a kika jefa da ba a zo nan ba. Ki ba uban haƙuri, sannan ki koma ajin ki nuna musu abin da suka yi.

Malam Mai Alli: Yarinya, ki gama makarantar tukuna. Atticus ya ba wa garin haƙuri? Tofa masa yawu Bob Ewell ya yi a fuska bai janye ba.

Ɗalibar Lauya: Atticus ya koma gida ya ci tuwonsa, Baba. Tom aka harba sau 17 a gidan yari.

Mai tambaya: Ƙanwata, kina magana kamar kina wurin. Yara 46 ne, minti 40 gare ni, ina zan samu lokacin ƙuri'a? Kuma wallahi tun da na fara koyarwa ban taɓa ganin sun fahimci littafi kamar ranar ba. Waɗanda na sa yanke hukunci minti biyu suka yi suka sallami Tom, suna ta mamakin yadda manya za su ga wannan hujja su ƙi ta. Ni a ganina darasin ya shiga.

Maman Ilham: Sun sallame shi a aji, sun ɗaure shi a filin wasa. Tun da ya daina zuwa kin je gidansu?

Mai tambaya: Ban san gidan ba. Kuma shugaba ta ce kada in yi magana da kowa sai an zauna.

Malam Mai Alli: Daidai ta yi. Ki tafi da littafin kawai, ki sa alama a babi na 20, inda Atticus ya yi jawabinsa na ƙarshe a kotu.

Hajiya Baƙa Mai Kyau: Wai ni uban nan, a kan sunan da ake kiran ɗansa zai zo, ko a kan ana karanta wa yara maganar fyaɗe? Don amsar ba ɗaya ba ce.

Mai tambaya: Wannan kam ba a gaya min ba.