Kabarin Inna ya kusa ɓace mana, wace alama za mu sa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifiyarmu ta rasu bara cikin azumi, aka binne ta a maƙabartar unguwarmu nan Kaduna. Ranar Juma'a na je ziyara, wallahi sai da na yi kusan awa guda ina zagaye. Ruwan Agusta ya kwantar da ƙasar, ciyawa ta kai gwiwa, icen da muka kafa kuma gara ta cinye. Yayanmu da ke Legas ya ce zai turo kuɗi a zagaye da bulo, a shafe da siminti, a manna tayil mai sunanta. Kawu ya ce in dai yana raye ba za a yi ba. Ni ne a tsakiya. Don Allah a ba ni shawara.

Wani malamin Islamiyya: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna. Kawunku yana da hujja. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya hana a shafe kabari da farar ƙasa, ko a zauna a kansa, ko a yi gini a kai, a ruwayar Tirmizi har da rubutu. Amma alama ba gini ba ce. Da aka binne Usman ɗan Maz'un, Annabi da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye wajen kansa domin ya riƙa gane kabarin, Abu Dawud ya kawo wannan. Halilu ma, malamin fiƙihun Malikiyya, a littafinsa Mukhtasar ya halatta dutse ko ice don bambancewa, muddin ba a yi zane a jiki ba. Akwai malaman da suka sassauta kan rubuta suna kaɗai in an ji tsoron ɓacewa, amma ni dutsen nake zaɓa.

Mai walda daga Panteka: Zan ɓata wa kaina ciniki, amma kar ka sa allon ƙarfe. Muna yi wa mutane kullum, damina biyu fentin ya goge. In ma ya tsira daga tsatsa, ɓata-garin cikin 'yan gwangwan ba sa barinsa. Na mahaifina ko wata uku bai yi ba.

Wata uwa: Ɗana, a bi Yayanku a hankali, kewa ce ke damunsa, ga shi yana nesa. Sai dai a tuna masa filin maƙabarta na jama'a ne, bulon da zai sa wurin wani mamacin zai ci. In kuɗin na hannu, a sayi jar ƙasa a cike kaburburan da suka rufta, a haɗa masu haƙa da diga da shebur, ladan ya je mata.

Wani: Samo dutse mai nauyi wanda yaro ba zai iya ɗagawa ba, a binne rabinsa ta wajen kai. Ka ƙirga layi daga katanga ka rubuta, ka ɗauki hoto. Kuma ka saba da tsofaffin masu haƙa, sun fi kowane allo riƙe wuri.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Na karanta wa Yaya a waya, ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce a tambayi kuɗin tifa ɗaya ta jar ƙasa. Kawu zai raka ni ranar Asabar. Wa ya san inda zan samu irin dutsen nan kusa da Tudun Wada?