Neman shawara: yaya zan tsara turo kuɗi gida daga Jidda?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Direba ne ni a Jidda, albashina riyal 1,800. Iyali na Kano, ga mahaifiya, ga ginina ya tsaya a linta. Duk wanda ya kira sai na tura, kafin ƙarshen wata ba ni da ko sisi. Ta ina zan gyara?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ranar da albashi ya shigo ka kasa shi huɗu: cefane, na Hajiya, na gini, da wanda zai zauna hannunka. Na ƙarshen kada ya gaza riyal 200, saboda ranar da kafil, wato ubangidan da kake wa aiki, zai jinkirta biya. Ka tsayar da rana ɗaya a wata, kowa ya santa. Bayan ita, in ba asibiti ba, a jira.

Ɗan Wapa: Malam, kada ka tsaya kan kuɗin caji kawai. Riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 kan dala ɗaya, naira ce ke hawa da sauka. Tun 2024 Babban Bankin Najeriya ya ce da naira za a riƙa biyan mai karɓa, don haka ka tambayi masu tura kuɗi na bankunan Saudiyya, Enjaz da Tahweel Al Rajhi: in na ba da riyal 1,000, naira nawa za ta shiga asusu? Tura kuɗi sau huɗu caji huɗu ne. Masu karɓa hannu da hannu sukan fi farashi, amma ba rasit, kuma in nairar da aka zuba maka ta damfara ce, asusun iyalinka za a rufe. Kada kuma ka tura kuɗin wani da iƙamarka, wato katin izinin zamanka. In abin da ka tura ya zarce albashinka, kai za a tuhuma.

Maman Yusra: Ɗan uwa, kuɗin maiɗakinka ya shiga asusunta kai tsaye, na Hajiya daban. Biyo da shi ta hannun ƙane shi ke haɗa gida faɗa. Da kaka kuma a sayi gero da masara na wata shida, lokacin ne hatsi ya fi sauƙi.

Injiniya: Na gini kada ya taɓa haɗuwa da na cefane, narkewa yake. Ka tara na wata uku ka biya mai bulo ko mai rodi da kanka, a turo maka hoton kayan a filin. Siminti ban da ajiya, ya wuce wata uku yakan fara daskarewa, balle da damina. Magini kuma a yi jinga mataki-mataki, sai ya gama rufi a biya kuɗin rufi.