Kwakwar ado mai jan wuya: za ta iya tsallake hunturu a Kaduna?

Uwargida daga Kaduna:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu ilimin shuke-shuke. Na sayi kwakwar adon nan mai jan wuya, wadda masu sayar da furanni ke kira lipstick palm, a cikin damina. Tana cikin tukunyar ƙasa, tsayinta ya kai ƙuguna, karanta manya uku ne da ƙananan 'ya'ya a gindi. Da damina lafiya lau take, amma tun da iska ta juya sai bakin ganyen ya fara bushewa yana komawa ruwan ƙasa, sabon tohon da ke tsakiya kuma ya tsaya cik. Ruwan burtsatse nake ba ta safe da yamma. Niyyata in dasa ta a ƙasa a tsakar gida, inda muka bar fili a tsakiyar siminti. In dasa yanzu ko in jira? Kuma wane taki ne zai ƙara mata ja?

Mai Rainon Itatuwa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki dasa ta a ƙasa, ba yanzu ba, ba kuma da damina ba. A Kaduna wannan shukar ta tukunya ce, domin kariyarta ita ce a iya ɗaga ta a kai ta inda iska ba ta bugu.

Sunanta na kimiyya Cyrtostachys renda, kuma asalinta fadamun kurmi ne na kudancin Tailan, Malesiya, Sumatra da Borniyo. Can saiwarta cikin ruwa mai ɗan tsami take zama, iska cike da laima, dare kuma da wuya ya sauka ƙasa da digiri 22. Duk abin da kike gani a jikinta daga nan ya samo asali. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15 takan daina girma, idan ya kai 10 ganye ya fara lalacewa, kuma idan aka jera darare a haka zuciyar karan ce ke ruɓewa. A Kaduna, Zariya da Kano, asubahin Disamba da Janairu yakan sauka wajen 13 zuwa 15, wasu ranakun ma ya gangara kusa da 10, musamman a bayan gari. Jos kuwa ba a ma maganarta, sai dai in da ɗakin gilashi.

Amma bushewar bakin ganye da kika fara gani tun yanzu ba sanyi ne ya kawo ta ba tukuna, iskar ce. Shukar tana son laimar iska kashi 60 cikin 100 ko fiye, hunturu kuma yakan sauke ta ƙasa da kashi 20 da rana. Ganyen na zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya ɗaukowa, saiwar kuma ta yi sanyi ta rage aiki. Shi ya sa za ki ga ƙasar tukunya jiƙe sharkaf amma ganye na ƙonewa. Ƙara ruwa ba ya gyara wannan.

Ga abin da za ki yi daga yau zuwa ƙarshen Fabrairu. Ki kai ta ƙarƙashin baranda, jikin bangon da ke kallon kudu ko yamma, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, kuma bangon da ya sha rana yana sakin ɗumi cikin dare. Dole a sami rufi a samanta. Shukar da ke fuskantar sararin sama a daren da babu gajimare ta fi iskar da ke kewaye da ita yin sanyi, ko da bambancin digiri biyu ne, kuma a wurin wannan kwakwar digiri biyu ba ƙaramin abu ba ne. Ki sa kafinta ya buga miki firam na katako ko na bututun roba, ya fi shukar tsayi da kamu biyu, a lulluɓe shi da farar leda mai kauri, kada ledar ta taɓa ganye. Ana rufewa da magariba, a buɗe gefe ɗaya da hantsi. In aka bar ta rufe rana ta doke ledar, cikin awa ɗaya zafin ciki ya wuce 45, ta dafe. A cikin rumfar ki ajiye jarkoki biyu masu lita 25 cike da ruwa waɗanda suka wuni a rana. Su ne za su riƙe ɗumin zuwa asuba. Daren da ɗari ya tsananta, ƙwan lantarki irin na da mai wat 60, a rataye nesa da leda da ganye, yana taimakawa. Ƙwan zamani mara zafi ba ya yin komai a nan. Kaskon gawayi kuma kada ya kusanci wurin, yana busar da iska, yana iya cinna wa leda, ga hayaƙinsa da ke kashe mutum a rufaffen wuri.

Ki sayi ƙaramin ma'aunin zafi mai nuna mafi ƙanƙantar abin da dare ya kai, ki rataye shi daidai da wuyan shukar. Abin da ake nema kada ya sauka ƙasa da 15.

Malamin Gona:

Na yarda da bayanin Malam gaba ɗaya, sai dai in ƙara abubuwa biyu da na gani a tambayar, tukunya da ruwa.

Hajiya, tukunyar ƙasa ita ce matsalarki ta farko. Tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, busasshiyar iska ta kwashe, abin da ke ciki ya yi sanyi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Da bazara alheri ne, da hunturu kuwa saiwar ce ke shan wahala. Ba sai kin tumɓuke ta yanzu ba, taɓa saiwa cikin sanyi haɗari ne. Ki zura tukunyar cikin babbar baƙar roba, ki cusa buhu ko busasshiyar ciyawa tsakaninsu, ki ɗora a kan katako kada ta zauna a kan tayil. Idan damina ta kankama, wajen Yuni, sai ki sauya mata tukunyar roba mai huji a ƙasa, wadda ta fi ta yanzu faɗi da santimita 5 zuwa 8 kawai. Tukunyar da ta yi mata yawa tana riƙe ruwan da saiwa ba ta kai gare shi ba, ƙasar ta yi tsami mai wari.

Haɗin ƙasar: kashi biyu na garin ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka wanke sau biyu saboda gishirin da ke cikinsa, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen ganye da ya zama baƙi, kashi ɗaya na yashin rafi mai gwari ko buntun shinkafa da aka babbaka. Ban da toka, ban da ɗanyen kashin kaji, ban da ƙasar da aka kwaso kusa da sabon gini, domin siminti da toka duk kanwa suke ƙara wa ƙasa. Wannan ma wani dalili ne na ƙin filin nan na tsakiyar siminti. Ana son ma'aunin tsamin ƙasar ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5.

Ruwan burtsatse ya danganta da wuri. Ki duba bakin tukunyar da saman ƙasar: in akwai farin ɓamɓaroki, ko butar shayinku tana yin fari a ciki, ruwan na da zartsi. Irin wannan ruwan a hankali yake ɗaga kanwar ƙasa har shukar ta kasa ɗaukar sinadarin ƙarfe, sabon ganye ya riƙa fitowa rawaya fayau. Ruwan sama da aka tara a durom shi ne na ɗaya. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma yana da kyau, ba shi da gishiri. In dole sai na burtsatse, sau ɗaya a wata ki zuba mai yawa har ya zubo ta ƙasa kamar ninki biyu na girman tukunyar, ya wanke gishirin da ya taru. Da hunturu kuma ki daina ban ruwan yamma. Sau ɗaya da hantsi ya isa, da ruwan da ya ɗan sha rana, ba wanda ya kwana a tankin sama ba.

Maganar taki, babu takin da ke ƙara ja. Jan nan kuben ganye ne da ya naɗe saman karan tare da ƙashin reshen, kuma yana ƙaruwa ne da shekaru da haske. Ƙananan 'ya'yan da ke gindi kore za ki gan su, ko ruwan lemo, sai sun girma. Rana ta safe zuwa ƙarfe 10 tana fito da launin. Ranar azahar ta Maris da Afrilu, lokacin da ake haura 38, tana ƙone ganye. Yanzu kada ki ba ta taki ko kaɗan, saiwar da ta yi sanyi ba ta ɗauka, gishirin takin sai ya ƙone ta. Daga Afrilu zuwa Satumba ne ake ciyarwa. Wanda ya fi dacewa da dangin kwakwa shi ne mai narkewa a hankali, mai lambar NPK (wadda ake rubutawa a jikin buhun taki) irin 8-2-12 da maganiziyom a ciki. In 15-15-15 kawai kika samu, rabin ƙaramin cokali a narkar cikin lita 4 na ruwa, bayan an riga an jiƙa ƙasar, sau ɗaya a wata. Barbaɗa shi a gindi yadda ake yi wa masara shi ke kashe yawancin na tukunya.

Ganye yana faɗin abin da ya rasa. Tsohon ganye mai ɗigo-ɗigon rawaya ko ruwan lemo da busasshen baki, fotashiyom ne ya yi ƙaranci. Tsohon ganye da gefensa ya yi rawaya tsakiya na nan kore, maganiziyom ne, kuma ƙaramin cokali ɗaya na gishirin Epsom (gishiri mai maganiziyom) a lita 4 na ruwa yana maganinsa, ko da yake ganyen da ya riga ya yi rawaya ba ya komawa. Sabon ganye da ya fito a ƙanƙance, a murɗe, da zane-zanen ƙuna, manganis ne, kuma sau da yawa sanyin ƙasa ne ko kanwa ya hana ɗaukarsa, ba rashinsa ba.

Ɗan Fatakwal:

A nan kudu, Fatakwal, Kalaba da Legas, a ƙasa ake dasa ta, har a bakin kududdufi, kuma masu raino kan tsoma gindin tukunyar cikin faranti mai ruwa santimita 3 zuwa 5 duk shekara. Hajiya ki gwada hakan, shukar fadama ce, ƙishi ne ke saurin kashe ta. Wuni ɗaya in ƙasar ta bushe ƙarau, ganyen da ya naɗe ba ya warwarewa.

Malamin Gona:

Ɗan'uwa, wannan shawarar daidai ce a wurinku, kuma daidai ce a Kaduna daga Maris zuwa Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kam a'a. Ruwan farantin yana yin sanyi ƙarara da asuba, saiwa ta kwana a ciki, ga ta ba ta sha, sai ruɓa. A watannin nan a cika farantin da tsakuwa, ruwa ya tsaya ƙasa da saman tsakuwar, tukunya ta hau bisa. Tururin yana ɗan ƙara laima a cikin rumfar leda ba tare da saiwa ta nutse ba. Lokacin zafi kuma a riƙa zubar da ruwan farantin duk kwana 3 saboda sauro.

Mai Rainon Itatuwa:

Hajiya, tohon nan da ya tsaya ki yi masa gwaji. Ki ja layi da biro a jikinsa daidai da bakin kuben da ya fito daga ciki. Bayan mako biyu ki duba. In layin ya ɗaga ko da rabin santimita ne, yana raye. In kin ja shi a hankali ya zaro, gindinsa ya yi baƙi yana wari, zuciyar wannan karan ta ruɓe. Ki tsiyaya haidirojin farokzaid na kyamis, mai kashi 3 cikin 100, a cikin ramin, ko maganin fumfuna mai tagulla, ki hana ruwa shiga wurin. Ko karan bai farfaɗo ba kada ki jefar da tukunyar, domin tushe ɗaya ne mai kara da yawa, 'ya'yan gindi sukan maye gurbi in ɗumi ya dawo. Ganyen da bakinsa kawai ya bushe kuma kada ki sare shi, ki datse busasshen wurin da almakashi ki bar koren yana aiki.

Ki riƙa leƙa bayan ganye. Busasshiyar iska da ƙura su ne ke kawo jan gizo-gizon nan ƙanana da ido ke gani da ƙyar. Alamarsu ganye ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, da siririyar saƙa a ƙasansa. A wanke ganye sama da ƙasa da ruwa mai ɗumi-ɗumi da hantsi sau biyu a mako. In sun yi yawa, mililita 5 na man darbejiya da ɗigon sabulun ruwa a lita 1, a fesa bayan rana ta yi sanyi, a maimaita bayan kwana 7 har sau uku, saboda ƙwansu ba ya mutuwa a feshin farko. Falo mai na'urar sanyaya ɗaki ba mafaka ba ce, can ma sanyi ne da bushewa.

In kina son launi a wancan filin na tsakar gida, akwai waɗanda suka fi jure yanayinmu. Latania lontaroides ta tsibirin Riyuniyon tana da jan reshe da jan gefen ganye tana ƙarama, ko da yake jan na raguwa in ta manyanta, kuma tana jure rana da ƙarancin ruwa. Bismarckia nobilis ta Madagaska ganyenta shuɗi-shuɗi ne mai ruwan azurfa, amma tana cin fili sosai, sai an ba ta aƙalla mita 4 daga bango.

Uwargida daga Kaduna:

Allah Ya saka da alheri, malamai. Na duba, lallai akwai farin ɓamɓaroki a bakin tukunyar. Tambaya ta ƙarshe: 'ya'yan gindin nan zan iya cire ɗaya in ba ƙanwata?

Mai Rainon Itatuwa:

Amin Hajiya. Za ki iya, amma sai Yuni ko Yuli, kuma sai wanda ya yi ganye huɗu da saiwarsa ta kansa. Ki tone gefe kaɗan ki tabbatar da saiwar, ki yanke mahaɗarsa da uwar da wuƙa mai kaifi wadda aka goge da sifirit, sannan ki bar shi a wurin mako 4 zuwa 6 kafin ki ɗaga. Bayan dasawa a rufe shi da farar leda a inuwa har ya fitar da sabon ganye. Wanda aka ɓalle rana ɗaya ba saiwa yawanci ba ya kamawa. In tushen bai wuce kara uku ba kamar naki, gara ki ƙara masa shekara guda kafin ki raba.