Wane kifi ne wannan? Ƙananan kifaye da na kamo da fatsa a Yauri

Ɗan Yelwa:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana kifi ku taimaka min. Ni ba ɗan su ba ne, fatsa kawai nake yi da yamma a bakin ruwa nan ƙasan Yelwa, tana nake sa wa ƙugiya, to kwanakin nan da ruwa ya fara ja baya sai ƙananan kifaye nake ta samu kuma ban san sunan wasunsu ba. Na farko fari ne tas yana ƙyalli, wutsiyarsa ja, da baƙin ɗigo a gindin wutsiyar. Na biyu shi ya fi ɗaure min kai, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba amma bakinsa wangame, jikinsa da dabbare-dabbare ruwan ƙasa, yara sun ce ɗan karfasa ne ni kuma ban yarda ba don na san karfasa. Sai wani guntu mai zane rawaya da yake kumbura idan an taɓa shi. Ana cin su duka?

Basarke Zamare:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na farkon kawara ce, ba ko shakka. Duba bayanta tsakanin fiffiken sama da wutsiya za ka ga wata 'yar tsoka ƙarama a tsaye, kuma bayan kunnenta akwai wani ɗigon baƙi. Ita dama ba ta wani girma, ka soya abinka ka ci. Sai dai ka lura ƙaramin tsage ma yana da wannan 'yar tsokar, amma shi haƙoransa a waje suke ko da bakinsa na rufe, kada ka sa masa yatsa.

Mai kumburin nan talibambam ne, KADA ka ci, kada ka ba yara. Akwai dafi a jikinsa kuma wuta ba ta kashe dafin. Cire ƙugiya a hankali don haƙoransa suna yanke zare su yanke fata, ka jefa shi ruwa.

Na biyun ina ga yaran sun yi gaskiya, 'ya'yan karfasa suna da zane-zane haka.

Baba Mai Homa Argungu:
Malam Basarke ka yi daidai a biyu, amma na tsakiyar nan ban bi ka ba. Yaro ya ce baki wangame, karfasa kuwa ɗan bakinta tsuke yake tun tana ƙarama. Ni abin da na ji a bayaninsa ɗan giwan ruwa ne. Mutane da yawa ba su gane shi saboda sun saba ganin babba fari sol, alhali yana ƙarami da dabbare-dabbaren nan yake fitowa, da su yake ɓuya cikin ciyawar bakin ruwa, sai ya tasa sannan su goge.

Ɗana ga yadda za ka tantance. Ka miƙar da fiffiken bayansa da yatsa, in karfasa ce za ka gan shi a haɗe tun daga wuya har kusa da wutsiya babu yankewa, kuma can ƙarshensa akwai baƙin tabo guda wanda 'ya'yan karfasa ke da shi. In giwan ruwa ne fiffiken kamar biyu ne, na gaba mai ƙayoyi masu tauri sai ya lotsa sosai sannan na baya mai laushi ya tashi, leɓensa na ƙasa ya ɗara na sama tsawo, goshinsa ya ɗan lotsa, kuma in ka shafa marfin kunnensa za ka ji ƙaya tana sukarka. Ƙofar hanci ma ka duba, karfasa ɗaya gare ta kowane gefe, shi biyu-biyu.

In ya tabbata shi ne to don Allah ka riƙa mayar da shi. Wannan ɗan abin da bai cika cokali ba shi ne yake zama kifin da ake ɗagawa a kogin Matan Fada, wurin bikin kamun kifi na Argungu, a gasar 2005 wanda ya zo na ɗaya kilo 75 ya yi. Mu nan ai dalilin da ya sa ake hana kamun kifi a wurin har sai lokacin biki ya zo ke nan, don a bar su su girma, kuma tun 1934 aka fara bikin nan. Abin yana min ciwo in na ga an shanya 'ya'yan giwan ruwa cikin tarin warangi a kasuwa, aikin masu jan dala ne da raga mai ƙananan ido, ba ta barin komai.

Maman Hanifa Mafara:
Baba Allah ya saka da alheri, ni ma na ƙaru. Mu a nan dam ɗin Bakolori yara suna kawo mana wasu ƙananan masu gashin baki, kowa sai ya ce tarwaɗa ce, wai duk ɗaya ne?

Baba Mai Homa Argungu:
A'a 'yata ba ɗaya ba ne. Tarwaɗa fiffiken bayanta dogo ne guda ɗaya har wutsiya. Ramboshi kuwa rabi fiffike ne rabin baya tsoka ce zalla, kuma ya fi ta girma nesa in an bar shi. Mai ƙara ƙurr-ƙurr in an fito da shi, mai ƙayoyi uku da suke ƙagewa, kurungu ne, ki gargaɗi yara su kama shi ta bayan ƙayar don sukarsa tana da raɗaɗi ƙwarai. In kuma suka ga mai taushin jiki ba shi da fiffiken baya sam sai 'yar tsoka kusa da wutsiya, minjirya ce, ko ƙarama ce tana jan mutum kamar wutar lantarki.

Ɗan Yelwa:
Baba na gode, na je na duba wanda ya rage cikin bokiti, fiffiken biyu ne kuma ƙayar kunnen tana nan. Yana da rai har yanzu, zan sauka da shi bayan la'asar. Amma in ƙugiya ta shige can cikin maƙogwaro fa, a ja ta ko a yanke zaren?

Basarke Zamare:
Baba ya fi ni gani, na karɓa. Ɗan Yelwa yanke zaren kusa da baki, in ka ja za ka yage shi ne ya mutu. Kuma ka ƙara girman ƙugiyarka, ƙananan ba za su iya haɗiye ta ba.