Awon ƙwaƙwalwa ya fito lafiya, amma hannuna yana mutuwa

Maman Sadiya: Assalamu alaikum. Shekara 3 ke nan ina fama da ciwon kai na ɓari ɗaya, tun muna haya a unguwar Garin Malam a nan Damagaram, kafin mu dawo unguwar Birni gidan surukaina. Kafin ciwon ya sauka, nakan ga wani haske mai kama da haƙoran zarto yana rarrafe a gefen idona, sannan yatsuna su mutu, abin ya hau har leɓe. Ranar Talata ina tsakiyar tuƙa tuwo na kasa furta sunan 'yata. Na je Yamai, aka manna mini wayoyi a fatar kai kusan minti 30, aka kunna mini fitila mai walƙiya, daga ƙarshe takarda ta ce babu komai. Surukata ta dage cewa farfaɗiya nake ɓoyewa. In sake awon a Kano, ko in haƙura?

Hajiya Rabi: Allah ya ba ki lafiya, 'yata. Ni ɗana sau uku muka kai shi, kuɗin mota kaɗai ya cinye tunkiyata, kuma babu wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ki riƙe addu'a, ki bar yawon nan.

Malam Abdu, tsohon majo (ma'aikacin jinya): Hajiya, addu'a ba ta hana neman magani. Maman Sadiya, awon da aka yi miki, wato EEG, motsin lantarkin ƙwaƙwalwa yake rubutawa a lokacin da aka yi shi, don haka ba ya tabbatar da ciwon ɓarin kai, kuma fitowarsa lafiya ba ta kore farfaɗiya gaba ɗaya. Amma alamar irin ciwonki tana yaɗuwa sannu a hankali, ta ɗauki minti 5 zuwa 60, alhali hasken farfaɗiya yakan zo farat ɗaya, mai launi-launi, ya wuce cikin minti kaɗan. Kin taɓa faɗuwa ko cizon harshe? Kina shan ƙwayar tazarar haihuwa?

Maman Sadiya: Ban taɓa faɗuwa ba, Malam. Ƙwayar kuwa ina sha, kuma da yardar maigida na fara.

Malam Abdu: To maganar ƙwayar nan ta fi gaggawa a kan sake awo. Ƙwaya mai sinadarin estrojin tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga mace mai irin alamunki, ki koma wurin ungozoma a canza miki. Ranar da hannu ya saki ko magana ta ɗauke ta ƙi dawowa, sikana, wato hoton ƙwaƙwalwa, ake nema a take.

Baban Ilu: Ni dai na ce ta tafi Kano, tun da ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba.

Maman Sadiya: Malam, ciwon ya riga ƙwayar da shekara guda, ban ga laifinta ba. Abin da nake nema takarda ce da zan nuna wa surukata. Shin idan aka yi awon ana cikin ciwon, ba zai nuna wani abu ba?